Ɗanyen Barkonon Gidan Sodangi

Kaura Namoda, 5 ga watan Safar

Zuwa ga taubashiyata Nazifa, sarauniyar tuwo mai gudaji.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki Murtala da ɗiyanki. Ni nan lafiya lau, in ban da ciwon baya da zaman banza. Tun da aka yanke layin waya aka rufe kasuwannin mako, mai ya zama abin nema, injin markaɗen da nake tsaro in ya yi aiki kwana biyu sai ya huta uku. Takardarki ta iso hannun Dauda direba. Na ga kin koma ajami saboda ni, Allah ya saka. Sai dai rubutun kamar kaji sun yi tsere bisa allo, sai da na karanta sau uku.

Kin ce kakarmu Inna Hindu, tun da aka kwaso ta daga Gidan Sodangi aka sauke ta wurinki, ba ta cin komai sai koko cokali biyu, kuma ta rantse ba ta taɓa tuwo sai da ɗanyen barkonon fadamarta. Ki gaya wa matar tawa na ji, kuma na san dalili. Duk wanda ya ɗanɗana tuwonki dole ya nemi abin da zai kashe mishi harshe.

Amma na nema, Allah shaida. Na bi masu kayan miya na bakin tasha ɗaya bayan ɗaya. Na shiga shaguna. Duk matan da ke kawo mini markaɗe daga gidajen abinci na tambaye su. Kowa sai ya ce, "Akwai shi, irin shi ne sak," ya miƙo maka ɗanyen attarugu ko shambon da bai nuna ba. Wani har da rantsuwa, wai nashi daga Moriki yake, alhali ni na taya direban Gusau sauke buhun.

Ba su san namu ba. Gajere, bai wuce yatsan jariri ba, bakinshi a lanƙwashe, kore har yana baƙi-baƙi. Ƙamshi ke fara zuwa, zafin kuwa sai ya sauka maƙogwaro sannan ya waiwayo.

To jiya Allah ya yi, na samu. Ga shi nan a ƙullin leda, har da lakar fadama a jikinshi. Ki daka mata da daddawa da gishiri yadda take so, kada ki sa wannan ɗanɗanon naku na 'yan birni. Ki ce angonta ya cika alkawari.

Naki, wanda ya fi mijinki kyau,
Sufyanu

Shinkafi, 9 ga Safar

Sufyanu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Inna ce dai ba lafiya. Ban da sauran gaisuwa da zan yi maka.

Da Dauda ya kawo ƙullin na shiga na ce mata ga saƙo daga Kaura, barkonon gida. Tsohuwar da sai an kama ta take tashi, ita ta yunƙura da kanta. Ta ce a kai mata ruwa ta yi wanka. Ta sake ɗankwali. Ta ce in ɗora tuwon dawa, in tuƙa shi da laushi. Na tuƙa, har ina waƙa.

Na kawo mata ƙullin ta kwance. Ta ɗauki ɗaya ta karya, ta kai hanci. Ta daɗe haka. Sai ta ce, "Wanga shambo ne aka tsince ƙanana. Lakar ma ba ta rafi ba ce." Ta ajiye, ta cire ɗankwalin ta ninke, ta juya fuskarta bango. Ranar ko kokon ba ta sha ba.

Na tsare Dauda, ya ce shi ya gan ka bakin famfon tasha kana shafa musu laka ɗaya-ɗaya kana dariya.

Ka sa mini barkono a fura ranar saukar karatuna, na yafe. Ka ɗinke wa Murtala ƙafar wando ranar da ya zo gaisuwar surukai, mun yi dariya. Wasan taubasai ne, haka muka taso. Amma wagga tsohuwa ta baro rumbu biyu da awakinta da kabarin mijinta, ta fito da zane ɗaya. Ma'aikaciyar asibiti ta zo ta duba ta, ta ce ba ta ga wata cuta ba, amma in ba ta ci ba ba za ta kai sanyi ba. Na yi mata dambu, na yi fate, na yi kwaɗon zogale. Ta duba ta ce, "Ina tonka?" wato barkonon nata, shi ke nan.

Na gaji, Sufyanu. In ba ka samu ba ka ce ba ka samu ba.

Nazifa

Kaura Namoda, 13 ga Safar

Zuwa ga Nazifa.

Sallama da gaisuwa. Allah ya ba Inna lafiya, ya ba ki haƙuri. Ni ciki ne ke damuna, dalilin yana zuwa ƙasa.

Dauda mai tsegumi ne, amma bai yi ƙarya ba. Na yi. Na ɗauka hanci ya tsufa, in ta ga kore da laka za ta ci, in ta ci loma biyar sauran mai sauƙi ne. Dariyar da ya gani kuwa, fuskata ce haka, ko a jana'iza sai an harare ni. Ashe matar tawa ido ne kawai ya rage gani, hancin na nan kamar na kare. Kada ki gaya mata na ce haka.

Tun ranar da takardarki ta zo ban zauna ba. Yanzu ba tambaya nake ba, ci nake. Duk mai tuwo da mai shinkafa da ke garin nan na zauna bencinta na ce a zuba mini yaji ɗanye. Na ci na Sabon Gari, na ci na bakin tashar jirgi, na ci na ƙofar asibiti. Har gidan abincin nan mai fanka da talabijin na shiga da rigar Juma'a. Na ce ina son koren barkono. Suka kawo mini koren tattasai an yanka shi zobe-zobe bisa shinkafa, ba zafi ba ƙamshi, ka ce ciyawar zomo. Mai kawo abincin ta ce wai shi manyan mutane ke ci. Na ce Allah ya ƙara musu girma.

Jiya na ga wata mata 'yar Kurya Madaro tana tallar kuɓewa. Da na kwatanta mata, ta gane shi nan take, ta ce mahaifiyarta ma ta taɓa shuka irinshi. Na ce ina yake? Ta nuna gabas da haɓa. Haka kowa. Gonarshi na can, shi yana nan.

To ga abin da na yanke. In Juma'a ta zo ban samu ba, zan shiga motar Zurmi, daga can in taka zuwa Gidan Sodangi in tsinko da hannuna. Na san hanyar rafi, ba sai na bi titi ba. Yanzu lokacinshi ne, ya yi 'ya'ya ko da mai ban ruwa ko babu. Ki ce wa amarya ta sa lalle, ango na tafe da lefe.

Sufyanu

Shinkafi, 16 ga Safar

Sufyanu, muna lafiya, Inna jiya-i-yau.

Kai ne za ka je Gidan Sodangi? Kai da zakaran Gwaggo ya kora har bisa rumbu? Je ka mana. In ka isa ka gaida mutanen daji, ka ba su labari ɗaya cikin naka, wataƙila su bar mana ƙasar don gajiya. Kuma in za ka shafa laka wannan karon ka nemi mai yashi.

Ka bar ni da abin da ke gabana.

Nazifa

Shinkafi, 28 ga Safar

Zuwa ga ɗan'uwana Sufyanu, duk inda wagga takarda ta same shi.

Assalamu alaikum. Allah ya sa tana samunka da rai da lafiya.

Kwana goma sha biyu ba amsa. Na ɗauka fushi kake. Shekaranjiya Dauda ya ce ya je wurin injin ya tarar an lulluɓe shi da buhu, mai injin ya ce tun waccan Juma'ar ka fita da jaka ka hau motar Zurmi.

Wallahi wasa na ɗauka. Shekara ashirin ban taɓa jin ka faɗi za ka yi abu ka yi shi ba. Na sake ɗauko takardarka na karanta, sai yanzu na ga ba ka sa dariya a wannan layin ba, sai a na bayanshi. Ni ce na ce ka je.

Muna maganar a zaure da Murtala, ashe Inna na ji. Ta kira ni ta ce, "Ni na aike shi." Tun daga nan ko kokon sai na ɗura mata. Ba ta ƙara ambaton barkono ba. Carbi kawai take ja, in an yi sallama a ƙofa ta ɗago kai.

Na ba Dauda wagga takarda ya ba direbobin Zurmi. Na ce su nemi wani dogo mai wushirya da mutane ke zagi suna dariya. In kana raye ka dawo. Ba ma son barkonon. Ko shambo ka kawo da laka, ni zan rantse mata na gida ne.

'Yar'uwarka,
Nazifa

Zurmi, 3 ga watan Mauludi

Zuwa ga Nazifa.

Wa alaikumus salam. Ina raye, ƙafa biyu hannu biyu, sai kanta a tafin hannu da kumburi a goshi. Ki fara gaya wa Inna wannan kafin ki karanta sauran.

Ban je ba. Na kama hanya da safe, na kai bayan gari, sai na ci karo da Malam Abdullahi na unguwarmu yana dawowa da buhu wayam. Shi ya gwada. Ya ce fadamar ko shinge ba a bari ba, kuma da ƙyar ya fito. Ina sauraronshi ƙafafuna suka yanke shawara ba su tambaye ni ba. Kin yi gaskiya game da zakaran. Kunya ta hana ni komawa Kaura, ta hana ni rubuto miki.

Na dawo bayan tasha na zauna rumfar wata mai tuwo. Ina cikin ci sai wani ƙamshi ya zo ta bayan rumfa. Nazifa, na ajiye lomar. Na leƙa, sai ga mai tuwon tana daka wani abu a ɗan turmi, na kwanonta ita kaɗai. Lauratu ce, matar marigayi Alhassan, wadda katangarta ke jingine da ta Inna. A bayanta tsofaffin baho uku, an lulluɓe da yagaggen gidan sauro. Ciki ga shi nan tsaye, gajere, baki a lanƙwashe.

Na jira ta juya, na sa hannu. Daga nan kumburin goshin ya samo asali, muciya ce. Ta dube ni ta ce, "La ilaha illallahu, jikan Hindu! An kore mu daga gari, kai kuma ka biyo mu?"

Na gaya mata komai. Ta ce, "Kai ne ka zo ka ce mini saniyata ta faɗa rijiya, na kwasa da gudu da cikin wata takwas, na tarar tana tuƙa a inuwa. Ko ka ce mini yau Talata sai na tambayi wani."

Na ce ta sayar mini ko guda biyar. Ta ce ba a sayar da iri, kuma waɗannan ba na ci ba ne. Ranar da suka gudo, abin da ta ɗauko ke nan, busassu huɗu a bakin zane. Ta shuka, uku suka tsira. In an tsinke shi ɗanye ƙwayar ba ta tsirowa, sai ya nuna ja a jikin uwar. Wanda na ga tana dakawa iska ce ta kaɗo shi. Ta ce, "Duk ƙasar nan ban san wani mai shi ba. In na ba ka ka cinye, ya ƙare ke nan."

Sai na zauna. Na ce zan yi mata aiki har ta yarda. Ina ɗebo ruwa, ina faskare, ina daka, ina kwana masallacin tasha. Kullum in ce, "Inna Lauratu, tsohuwa na can ba ta ci." Kullum ta ce, "Ƙara wuta." Ban taɓa gajiya da bakina ba sai a kwanakin nan. Na faɗi gaskiya sau ɗari, ba ta da inda za ta zauna.

Jiya takardarki ta zo. Na karanta mata, ta ce daga kaina nake ƙagawa. Ta karɓe ta kai wa limamin tasha ya karanta mata tun daga sallama. Da ya kai wurin da Inna ta ce ita ta aike ni, Lauratu ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Irin nan Hindu ta ba ni a ƙullin tsumma shekarar da aka kawo ni garin."

Ta zaɓi bahon da ya fi 'ya'ya. Goma sha ɗaya ne, mun ƙirga tare, ta sake ƙirgawa ita kaɗai. Ta ce Hindu ta ci yadda take so, nata ne. In wani ya kai ga nuna, a maido mata ƙwaya, haka ake yi.

Na aika Dauda ya biyo ta nan, na roƙe shi ya ɗora bahon kujerar gaba. Ni ba zan zo ba tukuna. Ban da idon da zan kalli matar tawa.

Sufyanu

Shinkafi, 8 ga Mauludi

Zuwa ga taubashina Sufyanu, bawan Lauratu.

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Da na ce wa Inna kana raye ta ce alhamdu lillahi sau uku, sannan ta ce, "Ɗan banza."

Bahon ya iso. Dauda ya ce a kowane shingen jami'an tsaro sai an soka wa ƙasar tsinke, kuma wani fasinja ya yi ta masifa an ba ciyawa gaban mota shi an cusa shi baya. Ni da Murtala muka shigo da shi har bakin tabarmarta. Ba ta taɓa 'ya'yan ba. Ganye ɗaya ta murza ta kai hanci. Sai ta jawo bahon jikinta.

Na kai hannu zan tsinko mata cikin tafi, ta make ni. Ban san da sauran wannan ƙarfin ba. Ta ce, "Ke mahaukaciya ce? Mi za a shuka baɗi?" Ta bi su ɗaya-ɗaya da yatsa, ta ciro guda da ya ƙuje a hanya. Shi kaɗai na daka da daddawa da gishiri. Ta ci tuwo loma bakwai, tana ci hawaye na zuba, ta ce zafin ne.

Sauran goman ta ce ba mai taɓawa sai sun yi ja. Yanzu da hantsi sai a fito da ita tsakar gida, ta zauna gefen baho da kara a hannu. Kajina sun shiga uku. Jiya ta jefi zakara ta kuskure, ta ce hannunta ba ƙarfi, a kawo mata tuwo. Na ce ba barkono. Ta ce in zuba ko wane iri ne, ba don daɗi take ci ba. Ta cinye. Ta ce ba za ta mutu ta bar iri a hannun jahilai irina da kai ba.

Ba ta warke ba, kada ka ɗauka. Tafiya sai da bango. Ni ma barci nake ji ko ina tsaye. Amma yau da safe na ji tana tambayar Murtala ko ƙasar bayan gidan nan na riƙe ruwa, kuma wa ke da takin awaki a unguwar. Tun da ta zo, kullum tambayarta yaushe za a koma. Yau ba ta yi ta ba.

Ga saƙonta, yadda ta faɗa: "Ki ce wa mijin nawa ban yafe lakar ba sai ya zo ya duƙa. In sun nuna shi zai kai wa Lauratu nata da ƙafarshi. Kuma in ya yi hankali zan ba shi ƙwaya biyar, ya ga ko akwai abin da zai iya rayawa ban da ƙarya."

Nazifa

Kaura Namoda, 12 ga Mauludi

Zuwa ga Nazifa.

Sallama. Na dawo, mai injin ya zage ni ya maida ni aiki. Goshin ya sace.

Ki gaya wa Inna ina zuwa ranar da na farko ya yi ja, ki aiko Dauda ya faɗa mini. Zan duƙa har sai ta ce in tashi. Na ɗauki tsohon bahon markaɗe na huda gindinshi, na ajiye bayan injin inda rana ke bugawa da safe. Ƙasar kuwa sai da na taka har bakin gulbi na ɗebo, na kai ta a kaina mutane na yi mini dariya. In ba ta yarda ba zan zo mata da ita a leda ta shinshina.

Sufyanu